Bencin Baya

Lahadi

Bayan an tashi sujada, Baba Fasto ya yi mini alama da hannu in bi shi ofis. Na tarar da magatakarda a zaune, takardar banki a kan cinyarsa, fuskarsa a murtuke. Kuɗin kwanon rufin sabuwar majami'a, waɗanda aka yi ta tarawa daga bikin godiya, da baikon gini na ƙarshen wata, da abin da Zumuntar Mata ta kawo daga gonar gyaɗarta, fiye da rabi babu su a asusu. Mutum ɗaya ne ke shiga da fita da kuɗin, ma'ajinmu. An jima ana ce masa ya kawo a biya mai kwano kafin ruwan farko ya sauka, kullum da uzurinsa: yau na'urar banki ta tsaya, gobe manaja ba ya nan.

Magatakarda ya ce a saka hoton takardar a zauren WhatsApp na dattawa a daren nan, kowa ya gani da idonsa. Ban ga laifinsa ba, shi ake tarewa a hanya ana tambaya ina kwano. Amma Baba Fasto ya ce ya ajiye wayar tukuna. "A cikinmu ukun nan, wa ya zauna da ma'ajin ya ji ta bakinsa?" Babu. Ya dube ni ya ce, "Dattijo, kai ka tsaya masa ranar aurensa. Kai za ka je."

Na dawo gida tuwo ya ƙi shiga. Maman yara ta tambaye ni lafiya, na ce mata akwai magana, amma ba tawa ba ce da zan faɗa.

Litinin

Na kwana a kan Matiyu sura 18. Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san tsarin da Ubangiji ya shimfiɗa daga aya 15 zuwa 17. Ɗan'uwa ya yi laifi, ka je wurinsa daga kai sai shi. Ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, bisa ka'idar shaidu da ke Maimaitawar Shari'a 19:15. Ya ƙi jin su, sannan a kai gaban ikkilisiya. Sai ya ƙi jin ikkilisiya ma kafin a ɗauke shi kamar bare. Mun haddace matakan nan, amma a aikace daga na uku muke farawa, wani lokaci ma daga bakin kasuwa. Na farkon shi ne mai wuya, domin shi kaɗai ne ke bukatar ka haɗa ido da mutum ba tare da jama'a a bayanka ba.

Abin da na fi lura da shi a wannan karatun shi ne abin da ke gaba da abin da ke bayan waɗannan ayoyi. Kafin su, makiyayi ne ya bar tumaki 99 ya bi guda da ta ɓata. Bayansu, Bitrus ne yake tambaya sau nawa zai yafe, sai misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, shi kuwa ya fita ya shaƙe wuyan abokinsa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ciro ayoyin horo daga tsakiyar waɗannan biyun, ya mai da su dokar kora, bai karanta surar ba. Ribar da ake nema tun daga aya 15 ita ce a samo mutumin.

Sai dai wannan laifi ba ni kaɗai aka yi wa ba. Dukiyar jama'a ce, kuma mai laifin yana riƙe da muƙami. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya karɓi ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku, amma a aya ta gaba ya ce masu nacewa cikin zunubi a tsauta musu a gaban kowa. Don haka ban ruɗi kaina ba, maganar nan za ta kai gaban jama'a. Abin da ke hannunmu shi ne da bakin wa za ta kai, kuma da wace niyya.

Talata

Da la'asar sakaliya na je gidan ma'ajin. Muka gaisa, na sha ruwa, na tambayi yara da makaranta, sannan na ce mu zaga bayan gida, akwai abin da nake so mu taɓa mu biyu. A hanya na yi ta tunanin annabi Natan, yadda ya shiga wurin sarki Dawuda da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda, har sarki ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. Amma Natan da sarki yake magana, mai ikon cire masa kai. Ni kuwa da yaron da na sani tun yana gudu da gajeren wando, ban ga dalilin kewaye-kewaye ba. Na ce masa na ga takardar banki, na kuma zo in ji daga bakinsa kafin wani ya fassara mini ita.

Ya fara da faɗa. Wa ya ba magatakarda izinin karɓo takarda a bayan idonsa? Shekara da shekaru yana wannan aiki ba a biyansa ko sisi, da man babur ɗinsa yake zuwa banki, yau shi ake kira ɓarawo? Na bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa. Na ce ban kira shi ɓarawo ba, kuma ya duba, ban zo da kowa ba. Tambayata ɗaya ce: ina kuɗin?

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya tashi ya buɗe ƙofar sito. Buhunan masara ne jibge har kusa da rufi.

Da kaka ya ga masara ta yi sauƙi, ya tuna yadda ta yi tashin gwauron zabi a daminar da ta gabata. Kuɗi kuma ga su kwance a banki, ba mai taɓa su sai bazara. Ya ce a ransa zai saya ya ajiye, in ta tashi ya sayar, ya mayar da uwar kuɗi ba wanda ya sani, ribar ya biya wa yara makaranta, har ya ƙara wa ginin wani abu. Masara ta ƙi tashi, sai ma faɗuwa. Yau ko ya sayar da duka ba za ta kawo abin da ya zuba ba, ga ƙwari sun fara shiga buhunan ƙasa.

"Baba, aro na yi. Allah ya sani ba sata ba ce."

Na ce, "Ɗana, aro da sanin mai abu ake yi. Gwauruwar da ta kawo mudun gyaɗarta, ka tambaye ta?"

Nan ya zauna a kan buhu ya fashe da kuka irin na babban mutum, wanda ba daɗin gani. Da ya natsu ya roƙe ni in rufa masa asiri zuwa tsakiyar damina, ko farashi zai gyaru. Na ce wannan ba zan iya ba, kuma ko da zan iya ba taimakonsa na yi ba, domin watannin nan da ya yi yana shirya wa banki ƙarya sun fi ɓatan kuɗin cin ransa. Amma na yi masa alkawari biyu. Shi zai faɗa wa dattawa da bakinsa, ba wanda zai riga shi. Kuma ranar da zai tsaya, ba zai tsaya shi kaɗai ba.

Galatiyawa 6:1 ta umarci mai gyara ya yi da tawali'u, yana kuma lura da kansa. A cikin siton nan na ga dalilin kashi na biyun. Babu manomi ko ɗan kasuwa a garin nan da lissafin da yaron ya yi bai taɓa gilma masa a zuciya ba. Bambancin kawai, shi makulli na hannunsa, kuma ba mai duba shi.

Laraba

Magana ta fita, ban san ta wace kafa ba. A taron addu'a na yamma wani ya miƙe ya ce a tuna da wani ɗan'uwa da Shaiɗan ya sa wa hannu a cikin dukiyar Allah, ba sai an kama suna ba. Duk ɗakin ya san wa ake nufi, matarsa kuma tana zaune a layi na uku, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai. Gulma ce aka sa wa rigar addu'a, kuma ta fi ta kasuwa muni don ta jawo sunan Allah ciki. Baba Fasto ya katse shi cikin ladabi ya tayar da waƙa. Bayan an tashi na ja mutumin gefe, na ce in ya san wani abu game da ɗan'uwansa, ya san hanyar gidansa.

Alhamis

Da safe wata mata ta yi sallama, wai wurin maman yara ta zo, amma da ƙarfi take magana don in ji daga ɗaki. 'Yarta ce ke zaune a bencin baya tun bara saboda cikin da ta yi ba aure. Ta haihu, yaron har ya fara tsayuwa, ita kuwa tana nan a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, an cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, ba ta cin jibin Ubangiji. Uwar ta ce, "Mama, mun zuba ido mu gani, ko bencin nan na 'ya'yan talakawa ne kawai."

Maganarta ta tsaya mini a wuya duk yini, domin gaskiya ce. A yawancin majami'unmu na Arewa haka horo yake: a sanar a gaban jama'a, a sauke mutum daga duk aikin da yake riƙe da shi, a hana shi jibi, ya koma baya na wasu watanni. Ban ce a rushe wannan ba. Ikkilisiyar da ba ta iya ce wa ɗanta "wannan ba daidai ba ne" ta daina ƙaunarsa. Amma mu duba su wa ke zama a wurin. Kusan kullum yarinya ce, saboda ciki ba ya ɓuya. Wanda ya yi mata cikin ya koma wani gari, an ce har yana kaɗa jita a sujada. Mutumin da ke matsar da iyakar gona kowace shekara, da mai dukan matarsa har maƙwabta su ji, da mai danne kuɗin 'yan ƙwadago wanda Yakubu ya yi wa kashedi mai zafi a sura ta 5, ban taɓa ganin ɗayansu a bencin nan ba. A Yahaya sura 8 ma mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, alhali dokar da suke fakewa da ita a Littafin Firistoci 20:10 ta haɗa namiji da mace. Wannan son kai tsoho ne, mu kuma mun gaje shi ba tare da mun tambaya ba.

Da yamma na roƙi magatakarda ya buɗe littafin taro. Wata shida aka yanka wa yarinyar. Wa'adin ya wuce da daɗewa. Ba wanda ya kira ta, ba wanda aka ɗora wa alhakin zuwa gidansu, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta zo ta ce lokacinta ya cika ba. Muna da tsari cikakke na fitar da mutum, da sanarwa da komai, amma na dawo da shi babu ko layi ɗaya a rubuce.

Juma'a

Zaman dattawa ya kai mu har tsakar dare. Kafin a kira ma'ajin ciki, Baba Fasto ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Dattijonmu tsohon soja, wanda har yau tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 yake karantawa, ya ce maganar ba ta da tsawo: a kira 'yan sanda. Ya kawo Akan a littafin Joshuwa, wanda ya ɓoye ganima a cikin alfarwarsa har aka ci Isra'ila da yaƙi a Ai. Ya kawo Hananiya da Safiratu. Ya ce in aka sassauta yau, gobe kowa zai ɗiba. Wani dattijon, ɗan kasuwa mai hali, ya ce shi zai cike gibin gobe da safe daga aljihunsa, a rufe maganar a ɗakin nan. Muna zaune da maƙwabta, in ta fita sunan Almasihu ne zai ɓaci. Ya ƙara da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Dukansu biyu da zuciya ɗaya suka yi magana, amma ban bi ko ɗaya ba. Ga tsohon soja na ce Hananiya da matarsa sun mutu ne a kan ƙaryarsu, matar har an ba ta damar gyara magana ta ƙi. Wannan yaron ya buɗe sitonsa da hannunsa. Luka 17:3 ta haɗa abubuwa biyu a jere, tsautawa ga mai laifi da gafara ga mai tuba, ba mu da ikon ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya. Bulus kuma a 1 Korintiyawa 6 ya ga abin kunya ne a ce a rasa mai hikima guda a cikin ikkilisiya da zai sasanta rikicin dukiya tsakanin 'yan'uwa.

Amma shawarar ɗan kasuwa ta fi ba ni tsoro, domin ta yi kama da jinƙai. In aka rufe, makulli na nan a hannunsa, abin da zai koya kuwa shi ne tonon asiri ake gudu, zunubin kansa ba komai ba ne. Uwar yarinyar nan kuma ta ci gaskiya, bencin na marasa gata ne. Kuma maganar ta riga ta fita. Jama'ar da ta san an ci kuɗinta, ta ga shugabanni sun yi gum, ba za ta sake miƙa hannu da farin ciki ba.

Baba Fasto, wanda ya yi karatun tauhidi a Bukuru, ya ba mu labarin da ya daidaita zaman. A shekara ta 390, an kashe wani babban hafsan sarkin Rum a birnin Tasalonika, sojojin sarki Tiyodosiyus kuwa suka rama a kan mutanen gari, suka hallaka dubbai a filin wasa. Sarkin Kirista ne. Ambros, bishop na Milan, bai fara da mumbari ba. Ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa don sarki kaɗai ya karanta, ya tuna masa da tuban Dawuda, ya kuma gaya masa ba zai yi hidimar jibi ba muddin sarki na wurin bai tuba ba. Sarki ya ajiye kayan sarauta ya tuba a gaban jama'a, aka karɓe shi a teburin Ubangiji lokacin Kirsimeti na shekarar. Baba ya ce mu lura da abubuwa uku da Ambros ya haɗa: ya fara a asirce, bai rage wa gaskiya komai ba don mai laifin babba ne, kuma ya bar ƙofa a buɗe har mutumin ya shigo.

Aka kira ma'ajin. Na zauna kusa da shi kamar yadda na yi alkawari. Ya faɗi komai, bai ce aro ba.

Ga abin da aka tsayar. Zai sauka daga muƙami ya miƙa littattafai. Za a sayar da masarar a gaban shaidu, abin da ya rage ya biya kaɗan-kaɗan bisa yarjejeniya a rubuce, domin tuban da ba ya mayar da abin mutane bai cika ba, Zakka na Yariko ma da mayarwa ya nuna nasa. Zai shiga horo na wata shida, da ranar farawa da ranar da za a zauna a duba. Ya ce a karɓi babur ɗinsa, tsohon soja da kansa ya ce a'a, ya buɗe Maimaitawar Shari'a 24:6 inda aka hana karɓar dutsen niƙa jingina, don da shi mutum ke ci. Ɗan kasuwa kuwa aka ce in yana so ya ba da gudummawar kwano, ya bayar a fili kamar kowa. Daga yau kuma ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, a riƙa karanta rahoton asusu ga jama'a duk bayan wata uku. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, a 2 Korintiyawa 8 ya sa an haɗa shi da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Asabar

An loda masara zuwa kasuwa. Asarar ta fi yadda muka zata.

Daren jiya tsohon ma'aji ya gaya wa matarsa. Yau ba ta zo koyon waƙar Zumunta ba. Maman yara da mata biyu suka bar taron suka tafi gidan, suka tarar ta kulle kanta a ɗaki, yara ma ta hana su fita. Sun zauna da ita har magariba. Ita ba ta ɗauki ko ƙwandala ba, kuma Ezekiyel 18 ta riga ta raba laifin uba da na ɗa. Sun gaya mata kujerarta a cikin mata tana nan, gobe za su biyo mata.

Lahadi

Bayan wa'azi Baba Fasto ya ce akwai ɗan'uwa da ke son magana. Ya fito, ni da tsohon soja muka tsaya a gefensa. Muryarsa na rawa, amma bai yi kwana ba. Ya faɗi abin da ya ɗauka, da abin da ya yi da shi, da ƙaryar da ya yi ta yi a kan banki. Ya roƙi gafarar Allah da ta jama'a, ya ambaci Zumuntar Mata musamman. Magatakarda ya karanta abin da dattawa suka yanke, har da ranar da wa'adin zai cika.

An yi gunaguni, wasu sun yi tsaki, wani ya tashi ya fita. Ban zarge su ba, guminsu ne, kuma gafarar da aka tilasta wa mutum ya furta kafin ransa ya huce ba ta daɗewa. Baba Fasto bai ce kowa ya ɗaga hannu ya ce ya yafe ba, na kuwa ji daɗin haka. Ya dai ce daga yau wanda ya ƙara wa labarin nan gishiri a waje, ko ya goranta wa matar ko yaran, shi ma dattawa za su neme shi. Sannan ya yi addu'a, yaron ya taka da ƙafarsa zuwa benci na ƙarshe.

Talata

Shugaban matasa ya same ni a gona da tambaya mai kyau. "Baba, ke nan kowane laifi sai an fara zuwa a asirce?"

Na ce masa a'a, kuma ina so a ji wannan da kyau. Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya a idon kowa, har Barnaba ya bi sahunsa, Bulus kuwa ya tsauta masa a idon kowa. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. In babba ya lalata yarinya ko yaro, ko miji yana neman hallaka matarsa da duka, ba a tura wanda aka zalunta ya je ya zauna da azzalumin su biyu da sunan Matiyu 18. Wannan laifi ne a gaban hukuma, ƙasar nan tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Romawa 13 kuma ta ce mai mulki ma'aikacin Allah ne don hukunta mugunta. Farko a tsare wanda aka cuta, a kai rahoto, sannan ikkilisiya ta yi nata aikin a kan ran mai laifin, ko da a kurkuku za ta bi shi. Na san gidajen da aka sa uwa ta yi shiru wai don kada sunan coci ya ɓaci, aka sauya wa mutumin wurin aiki ya je ya sake. Wannan haɗa baki ne da mugunta, kuma surar nan ta 18 ita ce ta fi kowace tsananta magana a kan mai sa ƙanana tuntuɓe.

Alhamis

Na leƙa tsohon ma'aji da dare. Ya ce tun Lahadi wayarsa ba ta yi ƙara ba. Abokan da suke zama tare a gindin mangwaro, in ya doso sai hira ta mutu. Wannan shi ne lokacin da muke asarar mutane. Ranar sanarwa kowa na nan, mako guda bayanta ba kowa. Daga nan mutum ya fara fashin sujada, sai a ji ya koma wata majami'a inda ba a san shi ba, ko ya koma mashaya, mu kuma mu ce dama tubansa ba na gaske ba ne.

Ikkilisiyar Koranti ta taɓa tsayawa a daidai wannan wuri. A wasiƙa ta farko Bulus ya yi musu faɗa don sun ƙyale mugun abu a tsakaninsu suna fahariya. A ta biyu, sura 2, sai ga shi yana roƙonsu game da wani da suka hukunta: horon ya isa, su yafe masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Jama'a ɗaya ce, ta yi sakaci da farko, ta zarce daga baya.

A nahiyarmu ma an yi wannan muhawara tun da wuri. A shekara ta 250 sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumakan Rum ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa kuwa suka faɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka a bakin ƙofa. A Roma, Nobatiyan ya ce ba mai dawo da su. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, wasu suna karɓar kowa ba tambaya. Bishop Sipiriyan da majalisar da ta zauna a 251 suka ƙi duka biyun: a duba kowane mutum da nauyin abin da ya yi, ya yi tuba na wani lokaci, sannan a karɓe shi. Waɗannan mutane musun Ubangijinsu suka yi, duk da haka aka shirya musu hanyar komowa.

Na kai wa Baba Fasto shawara, ya amince a gabatar wa dattawa: duk wanda aka sa a horo a haɗa shi da mutum guda, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai riƙa zuwa gidansa kowane mako, su yi karatu da addu'a, ya kuma kawo rahoto. Ranar cikar wa'adi a rubuta ta inda ba za a manta ba. Ranar dawowa kuma a sanar da ita da murya daidai da wadda aka sanar da fita.

Lahadi

Yau jibin Ubangiji. Kafin a raba gurasa, Baba Fasto ya kira yarinyar nan da sunanta, ya ce wa'adinta ya cika tuntuni, jinkirin ba daga gare ta yake ba. Shugabar Zumuntar Mata ta je har baya ta kamo hannunta, wata ta karɓi yaron, mata suka yi guɗa. Dattawa sun kuma rubuta wa shugabannin majami'ar da saurayin yake, don shi ma a zauna da shi, ya ɗauki nauyin ɗansa.

Tsohon ma'aji bai ci jibi ba, kuma daidai ne. Ya kawo biyan farko ranar Juma'a, an ba shi rasit. Tsohon soja ne ya nemi a ba shi aikin ziyartarsa. Kuɗin da ke hannu za su rufe rabin ginin kawai, sauran sai bayan kaka, wannan daminar a tsohuwar majami'a za mu yi ta. Akwai waɗanda har yanzu ba sa amsa gaisuwarsa, su ma ana bin su a hankali.

'Yan'uwana dattawa da shugabannin mata da na matasa, a duk inda kuke, ina roƙonku ku buɗe littafin taronku a makon nan. Ku duba su wa ke bencin baya, tun yaushe suke wurin, wa'adin nawa aka yanka musu, kuma wa ya taka zuwa gidansu tun ranar da aka sanar. In kun tarar ba wanda ya je, ku sa rana ku je kafin Lahadi mai zuwa.